Jan Fenti a Layin Mangwaro

Duk wanda ya taɓa zama a Layin Mangwaro, can bayan Kurudu inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta karɓa, ya san Maliki ko bai so ba. Mutum ne da ya yi shekaru yana gadin wata ma'aikata a cikin gari, yana ɗaga sandar ƙofa yana saukewa, kuma daga wannan ɗagawa da saukewa ya tabbatar wa kansa cewa babu wani lungu na gwamnati da bai sani ba. Da aka sallame shi sai ya dawo gida da iliminsa, ya baje shi a teburin Yahuza mai shayi, a gindin mangwaron da layin ya ci sunansa. In aka kawo wuta, shi ya buga waya. In aka ɗauke, shi ya ce a ɗauke a yi gyara. Ranar da aka zuba tsakuwa a hanyar Karu cewa ya yi ta hannunsa maganar ta bi. Mutanen layi suka sa masa suna Oga Gwamnati, shi kuma ya riƙa amsawa da fara'a, don bai taɓa zama ya yi tunanin dalilin sunan ba.

Da damina ta kankama sai ƙaramar hukuma ta fito da shirin kare muhalli. Motar shela ta zagaya tana cewa a kwashe kwatoci, a daina watsar da leda, a dasa itatuwa. Ta ce ranar Asabar ta ƙarshen wata manya za su zagaya, layin da ya fi tsafta a ba shi dashe kyauta, wanda kuma ya jagoranci aikin a ɗauke shi duba-gari na unguwa, da albashinsa da kakinsa.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta hana Maliki ƙarasa shayinsa. Tun da aka sallame shi, kunun zaƙin matarsa Kubra ne ke riƙe da gidan, kuma ko da yake ba ta taɓa faɗa masa ba, akwai yadda take dire kwanon tuwo a gabansa wanda ya fi magana zafi. Washegari ya sa kaftaninsa na zuwa ɗaurin aure ya tafi sakatariya, ya nemi jami'in da ke kula da shirin, wani dogo mai tabarau da ake kira Oga Leonard, ya shaida masa cewa shi ne jagoran Layin Mangwaro, kuma in gaskiya za a bi ma ba sai an wahalar da sauran layuka ba. Oga Leonard ya ce za su gani ranar Asabar.

Layin kuwa da kansa bai san yana da jagora ba. Kwatarsa ta toshe da ledar fiya-wata tun bara. Madam Patricia mai abinci, wadda ake kira Maman Israel, a tsakiyar hanya take watsa ruwan wanke-wanke, har wurin ya yi gansakuka. Baba Zacharias, tsohon da ya mallaki yawancin ɗakunan haya na layin, yana da wani juji a bayan katangarsa wanda awaki ke hawa su hango Karu. Maliki ya kira taro a gindin mangwaro. Yahuza ya halarta, saboda a nan teburinsa yake. Wata akuya ma ta zo, ta ɗan saurara, ta wuce.

A nan ne dabarar ta faɗo masa, kuma ta yi masa kyau har sai da ya yi dariya shi kaɗai. Mutumin gefen Abuja, in ji Maliki a ransa, ba ya tsoron wa'azi, ba ya tsoron tara, ba ya tsoron sauro. Abu ɗaya yake tsoro: ya dawo daga aiki ya tarar an zana ƙaton harafin ekis da jan fenti a bangonsa. Kowa ya san ma'anar wannan alama. Masu rusau sun zo sun duba, katafila na tafe. To shi zai zana. Da mutane sun gani za su rugo wurinsa, tunda shi kaɗai ya san manya. Sai ya ce musu ƙazanta ce ta jawo, in suka share layi kafin Asabar zai buga waya ɗaya a fasa. Su share, katafila ta ƙi zuwa, shi ya samu kaki, su kuma su yi ta gode masa har ƙarshen rayuwarsu. Ya juya dabarar ta kowane gefe bai ga inda take yoyo ba.

Ya shiga Nyanya ya sayo ƙaramin gwangwanin jan fenti da buroshi. Ya bari sai tsakar rana, lokacin da layin ke zama kango: ma'aikata sun fita tun asuba don su riga cunkoso, mata suna kasuwa, Yahuza ya rufe fuska da hula a kan benci. Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Da yake bahago ne, kowane ekis nasa yakan karkata, ya ƙare da 'yar wutsiya da ta lanƙwasa sama, abin da shi a ganinsa ya ƙara wa aikin kwarjinin ofis. Ya ɓoye gwangwanin a cikin tsohon duro a bayan banɗaki, ya wanke hannu da kananzir, ya fito da kujerar roba ƙofar gida, ya harɗe ƙafa yana jiran masu roƙo.

Da yamma mutane suka fara sauka daga motoci. Maliki yana kallo kowa ya tsaya a gaban bangonsa, ya ajiye jaka a ƙasa a hankali. Ya gyara zama, ya shirya fuskar da zai karɓe su da ita. Suka zo suka wuce ta gabansa, wasu har suna taka masa takalmi, suka taru a ƙofar Baba Zacharias, wanda an rushe masa gida ba sau ɗaya ba tun yana da ƙarfinsa. Da Maliki ya ga ba mai zuwa, sai ya ɗauki kujerarsa ya bi su.

Ya tarar tsohon yana bayani a tsanake. Ya ce shi ya san wannan fenti, shi ya kore shi daga cikin gari, shi ya sake korarsa daga inda ya koma. Ya ce a karon farko ya tsaya yana roƙo, aka rushe da kwanonsa da ƙofofinsa. A karo na gaba ya yi wayo, ya cire komai kafin su iso, da abin da ya tsira da shi ya gina nan. Ya ce mai hankali in ya ga ja, kafinta yake nema.

Maliki ya yi gyaran murya, ya miƙe, ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ya ce maganar ta biyo ta wurinsa tun kafin fenti ya bushe, katafila za ta zo Asabar da safe, amma manya sun ba shi tabbacin in aka kwashe kwata aka share layi, waya ɗaya zai buga a juya ta.

Madam Patricia ta dube shi daga hula zuwa takalmi.

"Oga Gwamnati, wayanka ɗin akwai kati a ciki?"

"Maman Israel, irin kiran da nake yi ba ya cin kati."

"Shi ya sa ba ya shiga."

Aka yi dariya kaɗan, irin ta mutanen da ba su da lokacin dariya. Sai wani daga baya ya ce, ashe Asabar ce. Maganar ta bi taron kamar wuta ta kama ciyawa. Mutanen Layin Mangwaro suka raba jawabin Maliki gida biyu, suka gaskata rabin da ya ce katafila na zuwa, suka watsar da rabin da ya ce zai hana ta. Kafin ya sake buɗe baki taro ya watse, kowa na lalubar lambar kafinta.

Da gari ya waye ƙarar guduma ce ta tashe shi. Ya fito ya ga mutane a kan rufi kamar an yi shelar farautar tantabaru. Ana zare ƙusa, ana sauko da kwano, ana ɓalle taga, ana jingina ƙofofi a bango. Ya bi su gida-gida yana ɗaga kai yana cewa su sauko su ɗauki tsintsiya, suna ce masa ya matsa kada kwano ya fille masa kunne. Da ya nuna wa wata mata kwatar ƙofarta, ta tambaye shi ko yana so ta share wa katafila hanya ne don kada ta ɓata ƙafa. Daga ranar ma ba wanda ya ƙara kai shara juji. Duk abin da aka fito da shi daga ƙarƙashin gado aka ga bai cancanci kuɗin mota ba, a tsakiyar layi ake jefa shi: tsofaffin katifu, karyayyun kujeru, fankar da ta mutu tun zuwanta, takalma marasa 'yan'uwa.

Labari ya kai kunnen 'yan baban bola. Suka shigo da kurayensu suna kiran kayan ƙarfe, suna zazzage buhunan shara suna tsince abin da suke so, su bar sauran a baje. Wata a-kori-kura da ta zo kwashe kayan wani ɗan haya ta ja da baya ta faɗa kwata, murfin ya fashe, baƙin ruwan da ya shekara a kwance ya samu hanya ya malalo har ƙarƙashin teburin Yahuza.

A gida kuma wata wutar ta tashi. Kubra ta dawo daga ɗiban ruwa ta dire jarka, ta ce matan layi sun daina amsa gaisuwarta. Suna tambaya me ya sa duk layin gidansu kaɗai ba a shafa wa fenti ba, har an fara cewa mijinta ne ya sayar da unguwa aka bar masa nasa. Maliki bai hango wannan ba. Amma mutum irinsa ba ya rasa mafita. Ya bari ta fita da robar kunu, ya zaro gwangwani daga duro, ya zana wa nasa bangon ekis, har ya fi na kowa girma don a san ba a nuna son kai ba. Ya ja da baya ya duba, ya gamsu, sannan ya sa kaftani ya tafi sakatariya don kada a manta da shi.

A can ya shaida wa Oga Leonard cewa aiki na tafiya fiye da yadda aka zata. Ya ce a tarihin layin ba a taɓa ganin mutane sun fito ƙwansu da kwarkwata haka ba, har kan rufi suke hawa. Wannan kam gaskiya ce. Oga Leonard ya ji daɗi, ya ce in haka ne da Layin Mangwaro za su fara, kuma zai zo da mai ɗaukar hoto.

Da Maliki ya dawo gida ya shiga ɗaki ya ga ɗakin ya yi wani irin haske. Ya ɗaga kai ya ga gajimare. Kubra na tsakar gida tana ɗaure tukwane a zani, kwanon rufinsu na jingine a bango, kafinta na ƙarasa ɓalle tagar ɗakin kwana. Ta ce Allah ya taimaka ta dawo da wuri ta ga alamar, ta samu kafintan kafin ya bar layi.

Maliki ya jira kafinta ya fita, ya rufe inda ƙofa take a da da labule, ya rage murya.

"Kubra, saurara. Babu wata katafila. Ni na shafa fentin nan. Duk layin, ni ne."

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Na sani, Baban Najwa. Kai ka kawo wuta, kai ka zuba tsakuwar Karu. Miƙo min murfin tukunyar can."

"Wallahi ni ne."

"To Allah ya ƙara girma. Murfin."

Ya miƙa mata.

Ranar Juma'a da hantsi ya ji kukan injin yanka katako. Ya fito a guje ya tarar Baba Zacharias ya kira masu gawayi, sun ɗaura wa mangwaron igiya. Ya shiga tsakani yana ɗaga hannu, ya ce wannan bishiya ita ce darajar layin, ita hukuma za ta fara dubawa, gobe ma ƙara mata 'yan'uwa za a yi. Tsohon ya ce shi ya dasa ta da hannunsa shekarar da ya zo, ya sha 'ya'yanta, jikokinsa sun sha, kuma gara ya ga faɗuwarta da idonsa ya samu na ɗaukar kaya da ya bari ƙarfe ya tumɓuke ta a banza. Maliki ya dubi gatarin da ke hannun ɗaya daga cikin masu gawayin, ya matsa gefe. Mangwaron ya yi ƙara ya kwanta a kan layi, ya tare hanya daga wannan bango zuwa wancan. Yahuza ya ɗauke teburinsa a ka ya koma bakin titi.

Bayan la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauka a kan layin da ba rufi. Aka yi ta gudu da katifu ba a san inda za a kai su ba. Da aka ɗauke, duk abin da ke tsakiyar hanya ya jiƙe ya haɗe da ruwan kwata ya zama abu guda.

Da wani ne, da ya ga haka sai ya gudu ƙauye. Maliki kuwa ya tuna abin da ya koya a bakin ƙofar ma'aikata: in babban mutum zai zo, ba a gyara wuri, duwatsun bakin hanya ake shafa wa farar ƙasa. Ya samo bokiti ya dama, ya jera duwatsu a gefen layi, ya zagaye kowane tulin shara da su, ya shafe su fes. Har kututturen mangwaron sai da ya yi wa farin zobe. Madam Patricia, da ke matse zannuwa a kan buhunan kayanta, ta tambaye shi ko kabarin layin yake yi wa ado. Ya ce gobe za ta gane bambancin wanda ya san gwamnati da wanda ya san miya kawai.

Asabar da safe kowa ya fito ya zauna a kan kayansa. Masu addu'a na yi, masu waƙar coci na yi a hankali. Can sai aka ji ƙugin mota daga bakin kwalta. Mata suka fara kuka, maza suka miƙe. Abin da ya shigo farar motar ƙaramar hukuma ce, bayanta cike da dashe a cikin baƙaƙen ledoji, lasifika a kanta tana waƙar a kula da muhalli. Ta tafi kaɗan ta tsaya, don gawar mangwaro ta tare hanya.

Oga Leonard ya sauko, mai hoto na biye da shi. Ya dubi dama ya dubi hagu. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Maliki ya tsallako rassa cikin kaftaninsa, hannu biyu a miƙe, yana yi musu maraba da zuwa Layin Mangwaro, yana nuna musu fararen duwatsu. Kafin ya kai, Madam Patricia ta riga shi. Ta tare jami'in ta ce in rushewa suka zo yi su rushe, amma zuwa da kiɗa da furanni cin mutunci ne.

Sai a lokacin Oga Leonard ya lura da bangaye. Ya ga ja a nan, ja a can, ja har ƙarshen layi. Nan take ya gane alamar, don shi ma a gefen gari yake zaune. Ya ce wa Madam Patricia su ba masu rusau ba ne, kuma wallahi ba wanda ya sanar da ofishinsu, na sama ba sa shawara da na ƙasa. Ya yi wa jama'a jaje. Sannan ya juya ga Maliki ya ce ya yi haƙuri, hukuma ba za ta dasa itace inda katafila za ta bi ba. An cire Layin Mangwaro daga gasa, kuma layin da babu shi ba ya bukatar duba-gari. Ya ce wa direba ya juya.

Maliki ya ga kakinsa na shirin hawa mota ya tafi. Ya haye kututturen mangwaro.

"Oga, tsaya. Babu rusau. Ni na sa alamar nan, da hannuna, don in zaburar da jama'a. Dabarar aiki ce."

Wani ya yi tsaki. Baba Zacharias ya ce, "Maliki, yau ba ranan wannan ba ne. Sauka, mutane suna cikin damuwa." Madam Patricia ta ce wa Oga Leonard kada ya kula shi, haka yake, ko ruwan jiya in aka tambaye shi zai ce shi ya yi oda. Kubra ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce da na kusa da ita yunwa ce, bai karya ba.

Wannan ya yi wa Maliki ciwo fiye da komai. Aikin da ya yi shi kaɗai, cikin rana, da basirarsa, a ce za a ba wasu can da ko layin ba su sani ba? Ya diro, ya shiga gida, aka ji ƙarar duro, ya fito da gwangwani a hannu ɗaya buroshi a ɗaya. Wani ya ce fenti ai ko'ina ana sayarwa. Maliki ya ce to a zuba ido. Ya waiga yana neman fili mai kyau inda kowa zai gani, bai ga abin da ya kai ƙofar farar motar hukuma ba. Ya tsoma buroshi, ya ja daga sama zuwa ƙasa da hagunsa, ya sake ja, ya ƙare da 'yar wutsiyar da ta lanƙwasa sama.

Mutane suka dubi ƙofar motar. Suka juya suka dubi bangayensu. Suka sake duban motar. Direba ya kashe lasifika.

Maliki ya ɗauki shirun nan a matsayin girmamawa. Ya gyara hula ya fara bayani, cewa a cikin kwanaki kaɗan ya fitar da sharar da ta shekara a ƙarƙashin gadaje, abin da motar shela ba ta iya ba, yanzu abin da ya rage kawai a kwashe. Ya ce irin wannan tunani ba a makaranta ake koyonsa ba. Bai kai ƙarshen jimlar ba ruwan da Madam Patricia ta matse daga zannuwa ya sauka a kansa, da baho da komai. Daga nan layin ya motsa gaba ɗaya. Ya zagaya motar, suka zagaya. Ya tsallake reshe, kaftani ya maƙale, ya bar rabinsa a nan. Ya nufi gida ya tuna babu ƙofa. Ya taka ɗaya daga cikin fararen duwatsunsa, ya zame, ya tafi da baya cikin kwatar da a-kori-kura ta buɗe, gwangwanin ya biyo shi ya kife a ƙirjinsa. Da aka jawo shi, rabi baƙi rabi ja, har waɗanda suka ɗauko itace sai suka rasa inda za su sa hannu.

Baba Zacharias ne ya hana a taɓa shi. Ya ce duka ba zai mayar da kwano ba. Ya zauna a kan kututturen, ya daɗe yana shafa shi da tafin hannu, sannan ya yanke hukunci, layi ya amince: duk rufin da aka sauke Maliki zai hau tare da kafinta a mayar, duk sharar da aka fitar shi zai tura a baro, kuma nasa gidan shi ne na ƙarshe. Kubra ta ce ita ma ta amince, za ta koma wurin Maman Israel da zarar an rufe nata.

Maliki ya share baƙin ruwa daga ido ya dubi Oga Leonard, ya tambaya a hankali ko tunda yanzu an tabbatar layin na nan, maganar duba-gari fa? Oga Leonard ya dubi ƙofar motarsa. Ya ce in ya sake ganin ƙafar Maliki a sakatariya, shi da kansa zai nemo katafila. Amma da yake an riga an ɗauko mai hoto, sai ya sa aka sauke dashe ɗaya, aka tona rami kusa da kututture, ya durƙusa ya riƙe shi yana murmushi, mai hoto ya kwanta a ƙasa ya ɗauka daga ƙasa zuwa sama yadda ba abin da zai fito sai ganye da tabarau da sararin samaniya. Suka juya suka tafi da sauran dashen, jan ekis na rangaji a ƙofar mota, mutanen layukan gaba suna ganinsu suna kaucewa.

Sauran damina Maliki a kan rufin mutane ya yi ta. Wata rana yana saman gidan Baba Zacharias yana miƙa wa kafinta ƙusa, wani baƙo da ya zo neman ɗakin haya ya tsaya a ƙasa yana kallon jan fentin da bai gama kankaruwa ba. Ya ɗaga kai ya tambaya ko gaskiya ne an sa wa layin nan alamar rusau.

Maliki ya cire ƙusa daga baki.

"An sa."

"To ya aka yi ba a rushe ba?"

Ya leƙa ƙasa ya tabbatar Madam Patricia ba ta kusa.

"Kama ɗakinka, Malam. Muddin ina layin nan, wannan katafilar ba za ta zo ba."